Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Kwashe Kuɗi: Wa Ke Da Iko A Ƙwallon Kwandon Amurka?

Jama'a, akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin masu sha'awar ƙwallon kwando, musamman masu bin gasar nan ta Amurka da ake kira NBA. Wai 'yan wasa sun yi ƙarfi da yawa. Wai sun ƙwace ragama daga hannun masu kulob, su ke zaɓen garin da za su yi wasa, su ke yanka wa kansu albashi, ranar da suka ga dama kuma su yi fatali da yarjejeniyar da suka sa wa hannu. Abin takaici, masu yaɗa wannan magana har da 'yan'uwanmu ma'aikata da leburori, waɗanda su kansu ba su taɓa samun damar ce wa mai gida a'a ba.

Mu dai ba mu yarda ba. Iko yana nan inda yake tun fil azal, a hannun masu dukiya. Abin da ya sauya kawai shi ne ma'aikaci ya koyi buɗe baki, shi ne kuwa ake yi wa wannan kururuwa. Za mu kawo hujjojinmu ɗaya bayan ɗaya, mai karatu ya yi alƙalanci da kansa.

DAREN DA AKA SAYAR DA LUKA

A farkon watan Fabrairu na 2025, cikin tsakar dare, kulob ɗin Dallas Mavericks ya ɗauki Luka Dončić ya miƙa wa Los Angeles Lakers, ya karɓi Anthony Davis. Wane ne Luka? Saurayi ne ɗan ƙasar Sulobeniya, shekarunsa 25 a lokacin. Shi ya fi kowa yawan maki a kakar 2023-24, shi ya kai Dallas wasan ƙarshe na gasar a 2024. Shekara biyar a jere ana sa shi cikin 'yan wasa biyar da suka fi kowa a gasar. Idan akwai ɗan wasa mai iko a duniya, ai shi ne.

To, an tambaye shi? Ko kusa. Bai nemi tafiya ba, ba a shawarce shi ba, sai da aka gama ciniki aka sanar da shi. Da ya zauna a Dallas yana da damar sa hannu a yarjejeniyar shekara biyar ta dala miliyan 345. Wannan musaya ta raba shi da ita, domin doka ta ce wannan babban albashi ba ya bin mutum zuwa sabon kulob in an yi musayarsa a irin wannan lokaci. Shi ma Davis haka aka yi masa, ya kwana ɗan Lakers ya tashi ɗan Dallas. Mutanen Dallas suka yi ta zanga-zanga a ƙofar filin wasa, har a watan Nuwamba na 2025 aka sallami manajan da ya ƙulla cinikin, Nico Harrison. Amma ihu ne bayan hari. Luka ya riga ya tafi, masu kulob kuwa suna nan bisa kujerarsu.

Wannan shi ne ma'aikacin da ake ce mana ya fi ƙarfin mai gidansa!

INDA AKA FITO

Mai cewa 'yan wasa sun samu iko da yawa, ya kamata ya san yadda aka samo ɗan abin da ke hannunsu. Ba kyauta aka ba su ba.

An kafa gasar a 1946, ta ɗauki sunan NBA a 1949. A wancan zamani akwai wata ƙa'ida cikin kowace yarjejeniya wadda ta ba kulob ikon riƙe ɗan wasa ko da wa'adinsa ya cika. Ma'anarta ita ce kulob ɗin da ya fara ɗaukarka shi ke da kai har ka tsufa, sai in shi ya ga dama ya sayar da kai ko ya kore ka. Ba fansho. In ka karye, kai ka jiyo.

A 1954 Bob Cousy na Boston ya kafa ƙungiyar ƙwadago ta 'yan wasa. Masu kulob suka yi ta yi mata riƙon sakainar kashi. Sai a watan Janairu na 1964, ranar wasan taurari a Boston, wanda za a nuna kai tsaye a talabijin, 'yan wasa suka shiga ɗakin sauya tufafi suka zauna, suka ce ba mai fitowa sai an yi musu alkawarin fansho. Aka yi barazana, aka yi lallashi, suka ƙi motsi. Da shugaban gasar, Walter Kennedy, ya ga lokaci na ƙurewa kuma duniya na jira, sai ya amince. Tsintsiya ce ta yi shara a ranar, da sili ɗaya ne da tuni an karya shi.

A 1970 Oscar Robertson, shugaban ƙungiyar a lokacin, ya kai gasar kotu a kan waccan ƙa'ida ta riƙe mutum. Shekara shida ana shari'a, sai 1976 aka sasanta aka soke ta. Duk da haka masu kulob suka bar wasu sharuɗɗa da ke ɗaure ɗan wasa, ba a sami cikakken 'yancin tafiya ba sai 1988, lokacin da Tom Chambers ya bar Seattle ya koma Phoenix don raɗin kansa. Ku lissafa, jama'a: shekara 42 daga kafa gasar kafin ma'aikaci ya sami ikon barin mai gida bayan ya gama aikin da aka ɗauke shi. Wannan hakki, da kowane akawu da kowane direba ke ganin nasa ne, shi ake kira iko da yawa.

IGIYOYI HUƊU

Har gobe akwai igiya huɗu a wuyan ɗan wasan NBA.

Ta fari, ba shi ke zaɓen inda zai fara aiki ba. Kowace shekara ana jera samari sababbin shiga, kulob-kulob su yi ta ɗauka bi da bi, kuma kulob-kulob ɗin da suka lalace a bara su suka fi damar samun zaɓin farko. Ka ɗauka yaro ya gama makaranta ya fi kowa ƙoƙari, sai a ce ladansa shi ne dole ya yi aiki a kamfanin da ya fi kowane durƙushewa, in ya ƙi kuwa babu aiki a sauran. Wa zai yarda da wannan a wata sana'a?

Ta biyu, wanda aka ɗauka a zagayen farko an riga an ƙayyade albashinsa a rubuce. Yarjejeniyar shekara huɗu ce, amma biyun ƙarshe a hannun kulob suke, ya ga dama ya riƙe shi, ya ga dama ya sake shi. Bayan huɗun ma, in wani kulob ya taya shi, tsohon mai gida na da ikon biyan daidai abin da aka taya ya riƙe kayansa. Shi ya sa manyan 'yan wasa kan shekara bakwai ko fiye kafin su sami ikon tafiya da ƙafarsu.

Ta uku, an yi wa albashi rufi. Tun kakar 1984-85 aka ƙayyade jimlar abin da kowane kulob zai kashe a albashi, a 1999 kuma aka ƙayyade abin da mutum ɗaya zai karɓa. A ƙa'ida, mai ƙasa da shekara bakwai a gasar ba ya wuce kashi 25 cikin ɗari na wannan jimla, mai bakwai zuwa tara kashi 30, mai goma zuwa sama kashi 35, sai ɗan sassauci ga wanda ya yi zarra. Masu kulob ɗin nan su ne ke wa'azin kasuwa mai 'yanci dare da rana, amma da aka zo kan gumin ma'aikaci sai suka haɗa baki suka tsayar da farashi. Abin da mai kulob zai ci riba kuwa, ba wanda ya yi masa rufi.

Ta huɗu, ana iya musayarka ba da saninka ba. Kafin ɗan wasa ya cancanci neman a rubuta masa cewa ba za a yi musayarsa ba sai da yardarsa, sai ya shekara takwas a gasar, huɗu daga ciki a kulob ɗin da yake. Kulob 30 ne, kowanne da gurbi 15, wato mutum 450. A kakar 2024-25, nawa ne a cikinsu ke da cikakken wannan sharaɗi? Mutum biyu rak, LeBron James da Bradley Beal.

WA YA CI AMANAR WA?

Masu sukar 'yan wasa suna son kalmar amana. A watan Yuli na 2010 LeBron James ya bar Cleveland ya koma Miami bayan shekara bakwai. Wa'adinsa ya cika, ba a binsa bashin ko kwana ɗaya. Aka ƙona rigarsa a titi, mai kulob ɗin, Dan Gilbert, ya rubuta wasiƙa ga jama'a yana kiran tafiyar cin amana. Mun yarda yadda ya sanar da tafiyar a talabijin bai yi tsari ba. Amma mutumin nan ya dawo a 2014, ya ciyo wa Cleveland kofi a 2016.

To, bari mu duba ɗaya gefen. A 2017 Isaiah Thomas ya fito ya yi wa Boston wasa washegarin rasuwar ƙanwarsa a haɗarin mota, ya ci gaba da wasa da ciwon ƙugu har ciwon ya kwantar da shi. A watan Agusta na shekarar aka yi musayarsa zuwa Cleveland, bai ƙara komawa yadda yake ba. A watan Yuli na 2017 Blake Griffin ya sa hannu a yarjejeniyar shekara biyar da Los Angeles Clippers, ko wata bakwai ba a cika ba suka tura shi Detroit. DeMar DeRozan ya shekara tara a Toronto, ya ƙi zuwa ko'ina lokacin da yake da damar tafiya, a 2018 aka aika shi San Antonio. Shugaban kulob ɗin da ya yi cinikin, Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, an yi ta yabonsa da basira, domin Kawhi Leonard da ya karɓo ya kawo kofi a 2019. A watan Fabrairu na 2019 kuma Harrison Barnes yana tsakiyar wasa labari ya bazu cewa Dallas ta sayar da shi ga Sacramento.

A duk waɗannan me aka ce? Aka ce ai kasuwanci ne. In mai kulob ya yi, kasuwanci ne. In ɗan wasa ya yi, cin amana. Laifi tudu ne.

Ga kuma babbar cin amanar da ba ɗan wasan da ya isa ya yi irinta. Mutanen Seattle sun shekara 41 suna goyon bayan kulob ɗinsu. A 2008 sabon mai shi ya kwashe shi ɗungurungum ya kai Oklahoma City. Haka aka yi wa Vancouver a 2001, aka kai nasu Memphis. Ɗan wasa in ya tafi, mutum ɗaya ne ya tafi. Mai kulob in ya tafi, da filin da tutar da komai yake tafiya.

MAGANAR KUƊI

Za a ce mana, ai waɗannan ba talakawa ba ne, miliyoyi suke kwasa. Gaskiya ne. Stephen Curry albashinsa na kakar 2025-26 ya kusa dala miliyan 60, ko sabon shiga ma ya haura miliyan ɗaya. Ba mu ce a tausaya musu don yunwa ba. Tambayar ita ce, wa ke haifar da kuɗin, kuma wa ke kwashe mafi tsoka?

Ba wanda ya taɓa sayen tikiti don ya kalli mai kulob yana zaune. Saboda gudun yaran nan da tsallensu ne kamfanonin Disney da NBC da Amazon suka amince a 2024 za su biya wajen dala biliyan 76 cikin shekara 11 don nuna wasannin. Kafin 2011 'yan wasa na karɓar kashi 57 cikin ɗari na kuɗin da wasan ke kawowa. A shekarar masu kulob suka kulle ƙofa kwana 161, ba aiki ba albashi, har aka rage kakar zuwa wasa 66, sai da 'yan wasa suka sauko zuwa wajen rabi. Haka suka yi a 1998, aka buga wasa 50 maimakon 82. A lura da kyau: duk tsayawar aiki da aka taɓa yi a NBA kan rikicin albashi, masu kulob ne suka rufe ƙofa. 'Yan wasa ba su taɓa shiga yajin aiki kan albashi ba ko sau ɗaya. Mai iko da yawa ne ake kulle wa ƙofa a rage masa kashi bakwai?

Sa'an nan akwai ribar da ɗan wasa ba ya ganin ko anini a ciki, wato ranar da aka sayar da kulob. Mark Cuban ya sayi Dallas a 2000 kan dala miliyan 285, a 2023 ya sayar da mafi yawan hannun jarinsa an yi wa kulob ɗin kuɗi wajen biliyan 3.5. A 2025 aka yi cinikin Boston Celtics kan biliyan 6.1, aka yi wa Lakers kuɗi biliyan 10. Donald Sterling ya sayi Clippers a 1981 kan miliyan 12.5. A 2014 aka ji muryarsa a faifai yana ƙyamar baƙar fata, shi da mafi yawan ma'aikatansa baƙaƙe ne. Aka kore shi daga gasar. Hukuncinsa? An sayar da kulob ɗin kan dala biliyan 2. Allah ya sawwaƙe! Gasar ta daina son kalmar mai kulob, yanzu gwamna take ce musu. An sauya suna, igiyar dai tana hannun da take.

INDA MASU SUKA KE DA GASKIYA

Ba za mu ɓoye ba, akwai 'yan wasan da suka yi abin da bai kamata ba. Alkawari kaya ne, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. James Harden ya tilasta an yi musayarsa sau uku cikin ƙasa da shekara uku: daga Houston zuwa Brooklyn a 2021, zuwa Philadelphia a 2022, zuwa Clippers a 2023. Ben Simmons ya ƙi yi wa Philadelphia wasa a kakar 2021-22 alhali yana da sauran shekaru a yarjejeniyarsa, ko da yake ya ce lafiyar ƙwaƙwalwarsa ce ta hana shi. Mai sayen tikiti da guminsa yana da hakkin jin haushi.

Amma ai akwai bulala, kuma ana amfani da ita. An ci Harden tarar dala 100,000 a 2023 bayan ya fito fili ya ce ba zai ƙara aiki da shugaban kulob ɗinsa ba, ya kuma kira shi maƙaryaci. An riƙe wa Simmons miliyoyin daloli na albashi. An ci Anthony Davis tarar dala 50,000 a 2019 don wakilinsa ya bayyana cewa yana son barin New Orleans. Wane mai kulob aka taɓa ci tara don ya yi musayar ɗan wasan da ya yi wa alkawarin zama?

Kuma roƙo ba umarni ba ne. Kevin Durant ya nemi barin Brooklyn a tsakiyar 2022, aka ce masa a'a, ya zauna sai Fabrairun 2023. Damian Lillard, bayan shekara 11 a Portland, ya ce Miami yake so, aka tura shi Milwaukee. Su nawa ne ma ke iya buɗe baki su yi irin wannan roƙo? Ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Sauran ɗaruruwan, wasunsu yarjejeniyar kwana goma ake ba su, da yawansu ba sa kai shekara biyar a gasar. Don mutum goma sun yi tsaurin ido, sai a ƙara ɗaure 450?

Ana kuma cewa taurari na gudu zuwa manyan birane, ƙananan garuruwa sun shiga uku. To, daga 2019 zuwa 2025 kulob bakwai daban-daban suka ci kofi: Toronto, Lakers, Milwaukee, Golden State, Denver, Boston da Oklahoma City. Na ƙarshen ma abin dariya ne. A 2019 Paul George ya nemi barin Oklahoma City, aka ba su wani yaro, Shai Gilgeous-Alexander, da tarin damar zaɓen sababbin 'yan wasa. Yaron nan shi ya zama gwarzon gasar a 2025, shi ya kawo musu kofi. Ashe ko tauraro ya nemi tafiya, mai kulob ba ya tashi hannu rabbana.

ABIN DA MUKE CEWA

Idan da gaske ake son yarjejeniya ta zama abin girmamawa, to ta ɗaure kowa. Wanda ya shekara biyar yana yi wa kulob aiki, kada a yi musayarsa sai da yardarsa. Kada mutum ya ƙara jin labarin sayar da shi a bakin 'yan jarida ko yana tsakiyar fili. Mai kulob da ke son kwashe kulob daga gari, a fara ba mutanen garin damar saye. In an yi haka, sai a tsananta hukunci ga ɗan wasan da ya karɓi albashi ya ƙi aiki, mu ma za mu tafa. Amma a ɗaure ɓangare ɗaya a saki ɗaya, wannan ba adalci ba ne ko a wace kotu.

Ya kai ɗan'uwa ma'aikaci, ka yi hattara da wannan magana, domin ba a filin ƙwallo take tsayawa ba. Ranar da aka koya maka jin haushin ma'aikacin da ya yi ciniki a kan guminsa, an koya maka jin kunyar naka cinikin. Hujjar da ake kawowa a kan LeBron, wato ai ana biyansa, ya yi shiru ya gode, ita ce za a kawo a kanka ranar da ka nemi ƙarin albashi ko fansho. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. 'Yan wasan nan sun fara ne daga babu, suka haɗa kai a ɗaki ɗaya a 1964, suka jure shari'ar shekara shida, suka kai ga rabin abin da guminsu ke kawowa. Maimakon hassada, darasi ya kamata mu ɗauka.

In wani ya ƙara ce maka 'yan wasa sun yi ƙarfi da yawa, ka tambaye shi wa ya tambayi Luka.